In Kunne Ya Mutu, Wa Zai Ji Wa Jiki?

Ya 'yan'uwa ɗalibai, a hutun da ya wuce mun ga abin da ya hana mu yin shiru. A bakin titin Gwarzo, cikin garin Rimin Gado, mun tarar da ƙannenmu sun yi cincirindo a rumfar mai cajin waya da tura waƙoƙi. Kowa riƙe da wayarsa ko 'yar na'urar kiɗansa, buƙatarsu kuwa ɗaya ce: a cire musu linzamin da masana'anta ta ɗaura wa ƙara. Da muka komo makaranta sai muka iske a ɗakunan kwananmu har kirari ake yi wa wanda ya gwanance da wannan aiki. Ashe mu da ake kira masu ilimi, mu ne malaman ɓarnar!

Shin wa ya ɗaura linzamin nan, kuma don me? Kamfanin Sony ya fito da Walkman a 1979, ba a daɗe ba likitoci suka fara kokawa. A 1996 Faransa ta kafa doka ta hana sayar da irin wannan na'ura in ƙararta ta haura desibel 100, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Daga 2013 ƙa'idar Tarayyar Turai ta ce na'ura ta tsaya a desibel 85, sai fa in mai ita ya karanta gargaɗi ya amince. Ba ƙeta ce ta sa aka yi haka ba. Masana sun auna cewa kunne yana jure desibel 85 na awa 8 a yini, amma a desibel 100 minti 15 ne kacal. Can cikin kunne akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi masu siririn gashi, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. In ƙara ta kashe su, ba su sake tsirowa har abada. Shi ya sa a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalacewar ji.

Wani zai ce, "Da kuɗina na saya, ina ruwan Bature da kunnena?" Wani kuma zai ce rugugin injin niƙa da janareto da babura ne ke danne masa waƙar. Wannan na biyu yana da 'yar hujja, amma wanda ya ƙara sauti don ya rinjayi injin niƙa ya haɗa wa kunnensa wuta biyu ke nan. Shi kuwa na farko, sai mu tambaye shi: in na'urar ta lalace akwai wata a kasuwa, to a wace rumfa ake sayar da kunne? Bature yana da likita a bayan gidansa, duk da haka ya ji tsoro. Ɗan Rimin Gado fa, sai ya yi tattaki zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, bayan an sayar da hatsin gida.

Abin kunya ne dattijo mai shekara 70 ya ji motsin akuya a gonarsa tun daga zaure, mu kuwa kafin mu cika 30 kullum muna "Na'am? Me ka ce?" Yaya malamin makaranta zai koyar bai jin tambayar ɗalibi? Yaya alƙali zai yi hukunci bai ji shaida ba?

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta mai da 3 ga Maris, Ranar Ji ta Duniya, ranar faɗakarwa, ta fita da ita har ƙauyukanmu. Muna kira ga hukumar SON ta sa ido kan na'urorin da ake shigo mana da su. Mu kuma mu bar linzami inda aka ɗaura shi, mu riƙa hutar da kunne. In mun cire abin saurare muka ji kunne yana amsa kuwwa, to gargaɗi ne, kada mu raina shi.

Magabata sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To in mun kashe kunnen da hannunmu, wa zai ji wa jikin?