Kyan Takarda Ba Shi Ne Gaskiyar Ciniki Ba: Tsokaci Kan Tara Tsofaffin Takardun Hannun Jarin Kamfanonin Waya



   

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina da ke ƙaro ilimi a Ingila ya turo mini hoton wata tsohuwar takarda da ya saya a shagon masu kayan tarihi. Takarda ce mai ƙayatarwa, an kewaye gefunanta da zane kamar na takardar kuɗi, ga hatimi, ga sa hannun shugabanni da tawada. A samanta an rubuta United Wireless Telegraph Company. Ya ce: "Malam, na fara tara irin waɗannan takardu na kamfanonin tangaraho da tarho na farko. Wasu abokaina sun ce almubazzaranci ne, wasu kuma sun ce ciniki ne da takardun riba. Mene ne gaskiyar lamarin?"

Na amsa masa a taƙaice, to amma na ga ya dace in faɗaɗa maganar a nan. Ra'ayina shi ne wannan sha'awa halal ce bisa wasu sharuɗɗa, kuma tana koyar da abin da matasanmu ke tsananin bukata a yau, wato bambance hasarar da ke zuwa ta hanyar kasuwanci na gaskiya da hasarar da ke zuwa ta hanyar zamba.

Wace irin takarda ce wannan?

Kafin kwamfuta ta karɓe aikin, duk wanda ya sayi hannun jari a kamfani ana ba shi takardar shaida mai ɗauke da sunansa da adadin hannun jarinsa. Don gudun jabu, ana ba kamfanoni masu buga takardun kuɗi aikin, irin su American Bank Note Company da aka kafa a 1858. Gwanayensu kan sassaƙa zanen a jikin farantin ƙarfe da hannu, layi bayan layi. Idan mai takardar ya sayar da hannun jarinsa, sai a karɓe tsohuwar a huda ta ko a buga mata tambarin sokewa, a ba sabon mai saye wata sabuwa. Waɗannan sokakkun takardu, da na kamfanonin da suka mutu, su ne mutane suka fara tarawa sosai a shekarun 1970, kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki. Darajarsu a wajen masu tarawa ta dogara ne ga tsufarsu, da ƙarancinsu, da kyan zanensu, da kuma sunan wanda ya sa musu hannu.

Takardun kamfanonin waya suna da farin jini na musamman, domin da su aka gina kakannin wannan Intanet da muke amfani da shi. Samuel Morse ya aika saƙonsa daga Washington zuwa Baltimore a 1844. Kamfanin da aka kafa a 1851 ya koma Western Union a 1856, kuma bai daina aika talgiram ba sai a 2006. Alexander Graham Bell ya sami takardar mallakar ƙirƙirar tarho a 1876. Da wa'adin takardunsa ya ƙare a 1893 da 1894, sai dubban ƙananan kamfanonin tarho suka ɓullo a garuruwa da ƙauyukan Amurka, kowanne da tasa takardar hannun jari. Mu ma abin ya iso mu, domin wayar ƙarƙashin teku ta haɗa Legas da Landan a 1886, har yau kuma muna cewa "gidan waya" da "buga waya".

Waɗanda suka yi hasara da gaskiya

Mu fara da Atlantic Telegraph Company, wanda Cyrus Field da abokansa suka kafa a 1856 da nufin shimfiɗa waya a ƙarƙashin Tekun Atlantika tsakanin Ailan da tsibirin Newfoundland. An tara jarin fam 350,000, aka raba shi hannun jari 350, kowanne fam 1,000. A 1857 wayar ta tsinke a teku. A watan Agustan 1858 aka yi nasarar haɗa ta, Sarauniya Victoria ta aika wa Shugaba Buchanan na Amurka saƙo mai kalmomi 98, wanda ya ɗauki kusan awa 16 kafin ya gama isa. Aka yi ta shagali a birane. Bayan kamar mako 3 wayar ta mutu murus. A 1865 aka sake gwadawa da katafaren jirgin ruwan nan Great Eastern, wayar ta sake tsinkewa ta nutse. Sai a watan Yulin 1866 aikin ya tabbata, har suka koma suka lalubo wadda ta nutse bara suka ƙarasa ta.

Ka duba, ya ɗan uwa mai karatu: shekara 10 masu jari suna kallon dukiyarsu tana nutsewa a teku. Amma ba wanda ya yaudare su. An gaya musu za a sayi waya da kuɗinsu, aka saya. An gaya musu za a yi hayar jirage da ma'aikata, aka yi. Sun san aikin na iya yiwuwa, yana kuma iya lalacewa. Wannan shi ne ruhin musharaka a fiƙihunmu: a raba riba idan an samu, a ɗauki hasara gwargwadon jari idan ta zo. Ƙa'idar malamai ce cewa wanda ke jiran cin riba dole ya yarda da ɗaukar hasara.

Waɗanda aka yi wa sakiyar da ba ruwa

Yanzu mu juya shafi. A Amurka akwai abin da suke kira hannun jarin da aka sirka da ruwa. Ana danganta asalin maganar ga wani ɗan kasuwa mai suna Daniel Drew, wanda aka ce yakan ba shanunsa gishiri, sannan ya bar su su sha ruwa su ƙoshi daf da za a auna su. Ma'anarta a kasuwar hannun jari ita ce kamfani ya buga takardu fiye da ainihin dukiyar da ya mallaka. Daidai yake da mai nonon da ta ƙara ruwa a ƙwarya. An sha zargin Western Union da wannan ɗabi'a, musamman lokacin da Jay Gould ya karɓe ragamarsa a 1881.

Sai kuma Pan-Electric Telephone Company na shekarun 1880. Masu shi sun raba wa manyan 'yan siyasa hannun jari, cikinsu har da Sanata Augustus Garland. Bayan Garland ya zama Babban Lauyan Gwamnatin Amurka a 1885, sai ma'aikatarsa ta shigar da ƙarar neman soke takardun mallakar Bell, abin da zai sa hannun jarin Pan-Electric ya yi daraja. Jaridu suka tona maganar, Majalisa ta yi bincike a 1886. Garland ya ce ba da hannunsa aka ɗauki matakin ba, kuma ya ci gaba da riƙe muƙaminsa. Duk da haka labarin ya isa ya nuna mana hikimar Musulunci da ya hana ma'aikacin hukuma karɓar kyauta saboda kujerarsa.

Ita kuwa takardar da ɗalibina ya saya, labarinta ya fi duka. United Wireless kamfani ne na tangarahon wayar iska, kuma yana da tashoshi na gaske a bakin teku da cikin jirage, har ya zama mafi girma a Amurka a lokacinsa. To amma babbar sana'ar shugabanninsa ita ce sayar da takarda. Dillalansu sun bi gari gari suna nuna wa talakawa abin al'ajabi: saƙo na tafiya ba tare da waya ba! Suna kuma tuna musu yadda waɗanda suka sayi hannun jarin Bell da wuri suka kuɗance. Shugabannin ne da kansu ke ƙara farashin takardun lokaci lokaci, ba kasuwa ba, suna kuma sayar da nasu na kashin kansu alhali mai saye na zaton kuɗinsa kamfani zai shiga. A 1911 kotu ta ɗaure shugaban kamfanin, Christopher Columbus Wilson, bisa laifin zamba, ya mutu a kurkukun Atlanta a 1912. A wannan shekarar kamfanin Marconi ya kwashe kadarorin. Masu ƙaramin jari aka bar su da kyakkyawar takarda.

Ga inda fa'idar mai tara takardun take. Idan ya jera takardar kamfanin gaskiya kusa da ta kamfanin zamba, idonsa ba zai iya bambance su ba. Duka suna da hatimi da zane da sa hannu. Sau da yawa ma ta 'yan damfara ta fi kyau, domin ita ce kawai hajarsu. Wayar iska gaskiya ce, ta ceci rayuka a teku, amma gaskiyar fasahar ba ta sa kowane kamfani da ya laƙaba sunanta ya zama na gaskiya ba.

Magabatanmu sun riga mu ganin wannan haɗari. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa a zamanin Marwan ɗan Hakam an raba wa mutane takardun karɓar abincin da ake saukewa a tashar Al-Jar, sai suka fara sayar da takardun a tsakaninsu tun kafin su karɓi abincin. Zaidu ɗan Sabit (RA) da wani sahabi suka shiga wajen Marwan suka yi inkarin haka, shi kuma ya tura dogarai suka bi suna karɓe takardun suna mayar wa masu su. Ko da yake mas'alar ta shafi sayar da abinci ne kafin a karɓe shi, akwai izina a ciki: duk lokacin da takarda ta fara yawo ita kaɗai, ta rabu da hajar da take wakilta, to a yi hattara.

Hukunci da sharuɗɗa

Mu dawo ga tambayar ɗalibina. Sokakkiyar takarda ba hannun jari ba ce kuma. Ba ta ba ka kaso a kamfani, ba ta kawo riba, ba ka bin kowa bashi da ita. Abin da ka saya kayan tarihi ne, kamar tsohon kwabo mai huda. Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta wa abin sayarwa ya zama mai tsarki, mai amfani, sananne, wanda za a iya miƙa shi, wanda kuma shari'a ba ta hana cinikinsa ba. Wannan takarda ta cika su, domin ilimin tarihi amfani ne. Shi kansa rayayyen hannun jari, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta shi a zamanta na Jidda a 1992 idan sana'ar kamfanin halal ce, bayan ta haramta takardun bashi masu kuɗin ruwa a 1990. Abokan ɗalibina sun cakuɗa waɗannan abubuwa ne guda 3.

Sai dai akwai abubuwan kiyayewa. Na farko, kada sha'awa ta ci haƙƙin wani. Wanda iyayensa ke bukata, ko ake bin sa bashi, ba shi da hurumin zuba kuɗi a tsohuwar takarda. Na biyu, da yawa daga cikin takardun suna ɗauke da zanen mata marasa cikakkiyar sutura. A guje su, akwai masu zanen jirgi da turakun waya da taswira. Na uku, gaskiya wajen sayarwa: a bayyana yagewa da gyara, kada a sayar da kwafi da sunan asali, kada a jingina sa hannu ga wanda ba shi ya yi ba. Na huɗu, a yi nesa da masu tallata tsofaffin takardun bashi da da'awar wai har yanzu ana iya karɓar miliyoyi da su. Ma'aikatar Kuɗi ta Amurka ta yi gargaɗi kan wannan damfara. Na biyar, zakka: wanda ya ajiye don kallo da nazari babu zakka a kansa, wanda kuwa ya saya da niyyar kasuwanci, hukuncin kayan fatauci ya hau kansa.

Kammalawa

Na san mafi yawan masu karanta wannan ba za su taɓa sayen takardar Western Union ba. To amma kusan kowannenmu ya san gidan da ke da takardun hannun jarin da aka saya lokacin rububin bankuna, kafin kasuwar Najeriya ta faɗi a 2008. Kowa kuma na iya tuna yadda MMM ya rufe asusun jama'a a watan Disamban 2016. Yau dillalin ba ya yawo da takarda mai hatimi. Yana zuwa ne da kyakkyawan shafi a Intanet, da manhaja a waya, da sunan sabuwar fasahar da yawancinmu ba mu fahimta ba. Maganarsa dai ita ce ta dillalan United Wireless: dubi yadda na farko suka kuɗance, kada a bar ka a baya.

Don haka kafin ka zuba ko sisi, yi wa kanka tambayoyin da tsofaffin takardun nan ke koyarwa. Kuɗina me za a saya da su? Wace haja ko hidima ake sayarwa, wa ke saye? Ribar daga ciniki take fitowa, ko daga aljihun sababbin shiga? Wa ke sanya farashin? An gaya mini zan iya yin hasara? Duk wanda ya yi maka alkawarin tabbatacciyar riba ba tare da yiwuwar hasara ba, to ɗaya daga biyu ne: ko riba ce ta haram, ko zamba.

Na shawarci ɗalibina ya ci gaba da tarawa gwargwadon hali, amma kowace takarda ya haɗa ta da ɗan rubutu mai bayanin wanda ya kafa kamfanin, da abin da aka yi da kuɗin mutane, da yadda aka ƙare. Na kuma roƙe shi idan ya dawo gida ya zo da su makaranta, in nuna wa 'yan ajin fiƙihu ranar da muka iso babin ciniki.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mini. Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga cin dukiyar mutane da ɓarna, Ya kuma tsare dukiyarmu daga azzalumai. Amin.