Kifin Tiga da Kifin Antatika: Darasinsu Ɗaya Ne

A ganina kuskure ne mu riƙa koyar da dangantakar asalin halittu daga littafi kawai, alhali kuwa hujjarta na nan a gaban mai sayar da kifi a kasuwar Kibiya.

Bari mu faro daga nesa. A da can nahiyar Antatika haɗe take da Kudancin Amurka. Kimanin shekara miliyan 30 da suka shige teku ya raba su, ruwan Antatika ya yi ta ƙara sanyi. A 1969 wani masani, Arthur DeVries, ya bayyana cewa kifayen wurin suna da wani sinadari da ke hana jininsu daskarewa. Amma wani ɗan'uwansu da ke gaɓar Cile da Ajantina ba shi da wannan sinadari. Tsatsonsu ɗaya, daɗewar rabuwa ce ta sa kowa ya kama gabansa.

To, mu dawo gida. Kogin Kano yakan haɗu da na Calawa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke bi ta Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Cadi. Giwan ruwa da tarwaɗa da bargi na wannan yanki, su ne dai ake kamawa a Kogin Neja da Kogin Nilu. Ta ina suka bi? Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, faɗin Tafkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, har yana malala cikin Binuwai ta Mayo Kebbi. Ruwa ya sada su, fari ya raba su. Da yake rabuwar ba ta daɗe ba, har yau kamanninsu bai sāɓa ba.

Yanzu kuwa mu ne masu raba ruwa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992 sun amfani manoma, amma sun tare wa kifi hanya, sun kuma rage ambaliyar da yake hayayyafa a cikinta. Shekara 50 ba ta isa samar da sabon jinsi ba, amma ta isa tsoho ya ɓace daga wuri.

Saboda haka ina kira ga malaman Kibiya da Rano da su kai ɗalibansu bakin Tiga. Ku tambayi tsofaffin masunta wane kifi suke samu a da, wanne ne ya yi wuya yau. Ku zana siffarsa, ku rubuta sunansa da ranar da kuka gan shi. Abin da ba a rubuta ba, ranar da ya ɓace ba wanda zai sani.