Systemd ya yi rinjaye a Linux, amma kada a rufe ƙofar zaɓi

Idan aka kunna kwamfuta mai aiki da Linux, akwai manhaja guda da ke fara tashi, ita ce ke tayar da sauran ayyuka kamar intanet, sauti da allon shiga. Sunanta init, kuma a kanta masana suka shafe fiye da shekara 10 suna sa-in-sa.

Tsohon tsarin, SysVinit, yana tayar da ayyuka ɗaya bayan ɗaya ta gajerun umarni da kowa zai iya buɗewa ya karanta. A 2010 Lennart Poettering na kamfanin Red Hat da Kay Sievers suka fito da systemd, mai tayar da ayyuka da dama lokaci guda, ya farfaɗo da wanda ya tsaya, ya kuma ajiye bayanin duk abin da ya faru. A Fabrairun 2014 kwamitin fasaha na Debian ya rabu huɗu da huɗu, sai ƙuri'ar shugabansa Bdale Garbee ta ba systemd nasara. Ubuntu ta bi sahu a 2015, ta ajiye nata tsarin, Upstart. Waɗanda ba su gamsu ba suka ɓalle suka kafa Devuan.

Ƙorafinsu shi ne systemd ya tara ayyuka da yawa a hannu ɗaya. A Maris 2024 ƙorafin ya sami hujja, lokacin da Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a manhajar xz. Ta isa ga sabis ɗin shiga kwamfuta daga nesa ne ta wani ɓangare na systemd da wasu rabe-raben Linux suka haɗa da shi. Ba systemd ya dasa ta ba, amma yawan haɗe-haɗe ne ya buɗe mata hanya.

Matashin Maradi ko Damagaram da ke neman aikin kula da manyan kwamfutoci ba shi da mafita sai ya ƙware a systemctl da journalctl, domin su zai tarar a Debian, Ubuntu da Red Hat. Amma ya kamata ya ɗanɗana OpenRC na Alpine ko runit na Void, ko da a tsohuwar kwamfuta ce, don ya fahimci abin da ke gudana a ƙarƙashi.

A Disamban 2019 Debian ta zaɓi ci gaba da systemd tare da barin sarari ga sauran tsare-tsare. Matsayin da ya dace ke nan. Ranar da babban tsarin ya sami matsala, waɗannan ƙananan ne za a koma wa, kuma ba za su rayu ba sai da masu amfani da su.