Wutar Lantarki Ma Tana Da Mudu



Ya 'yan uwa, a kasuwar Makarfi babu mai sayen masara sai ya ga an cika mudu a gabansa. Amma sau da yawa akan kawo wa magidanci takardar kuɗin wuta alhali babu mita a gidansa, ƙiyasi kawai aka yi. A ganina wannan ciniki ne na garari, ga kuma gargaɗin Suratul Muɗaffifina ga masu tauye awo.

Cutar ba a kanmu ta fara ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, cikin 2000 da 2001, dillalan kamfanin Enron sun riƙa haddasa ƙarancin wuta da gangan domin farashi ya tashi, wato ɓoye kayan da shari'a ta hana. A 2005 Amurka ta kafa dokar haramta maguɗi a kasuwar lantarki da ta iskar gas.

A nan gida, Femi Gbajabiamila ya kai wa Majalisar Wakilai ƙudurin mai da kuɗin ƙiyasi laifi a 2018, amma bai zama doka ba. Sai a 2020 hukumar NERC ta ƙayyade iyakar abin da za a karɓa daga marar mita. Iyaka kuwa ba mudu ba ce. Haƙƙin mai saye ne ya ga awo da idonsa, kuma wajibi ne doka ta tsare masa shi.

Sai dai mu ma mu binciki kanmu. Matashin da ya zagaye mita ya ja waya cikin dare, shi ma ya tauye mudu, kuma akwai ranar awo.

Allah Ya tsarkake mana abin da muke ci. Wassalam.