Tuƙin jirgi, karatun kogi

Kayak ƙaramin jirgin ruwa ne, siriri, mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. Mutanen ƙasashen ƙanƙara ne suka fara yin shi da fatun dabbobi don farauta. Yau ya zama wasan motsa jiki. Filafilinsa baki biyu gare shi: a tsoma dama, a tsoma hagu. A Nijar, ɗan'uwansa shi ne kwalekwalen Sarkawa.

Ya kamata yaran da ke zaune bakin kogi su koyi tuƙi, ko na kayak ko na kwalekwale. Dalili kuwa, mai tuƙi yana ganin abin da na tudu ba ya gani. In filafili ya taɓa ƙasa a tsakiyar kogi, rairayi ya cika wurin. In jirgi ya maƙale cikin ciyawar nan mai shuɗin fure, mai kama da kainuwa, ta rufe hanyar masunta ke nan. Ga leda tana yawo, ga ruwa ya yi ja. Sai yaro ya tambaya: daga ina duk wannan ya fito?

Amsar tana kan tudu. Kogi kamar indararo yake, ƙasar da ke kewaye da shi kuma ita ce soro. Duk ruwan da ya sauka a soro, ta indararo zai bi, tare da dattin da ya tarar. Wannan ƙasa ita ake kira kwarin kogi.

Kogin Isa ya taso daga duwatsun Gine, ya ratsa Mali, ya yi tafiyar kilomita wajen 550 cikin Nijar, sannan ya shiga Najeriya. Shi ya sa yake cika sau biyu a Yamai. Cikar damina ja ce, don ruwan rafuka irin su Sirba yana kwaso jar ƙasa. Cika ta biyu tana zuwa lokacin ɗari, ruwan Gine ne da ya yi watanni a hanya. Gulbin Maraɗi ma ɗan gidan ne: yana faɗawa cikin Rima, Rima ta haɗu da kogin Sakkwato, shi kuma ya zuba cikin Isa. Ashe icen da aka sare a Maraɗi ya shafi masuncin da ke nesa, domin ƙasar da ba ice ruwa ke kwashe ta.

Ruwa ba ya tsami banza. A 1985, bayan shekarun fari, kogi ya daina gudu a Yamai. A 2020 kuma ya yi ambaliya, ya rushe gidaje masu yawa. Ƙasashe 9 ke raba wannan kwari, kuma a 1980 suka kafa hukumarsa, mai mazauni a Yamai.

Wasu iyaye suna tsoron ruwa da dorina, kuma suna da gaskiya. Amma hana yaro sanin ruwa ba ya tsare shi. Abin da ke tsare shi shi ne ya iya iyo, ya sa rigar da ke hana nitsewa, ya shiga jirgi tare da babba wanda ya san kogi.

Gani ya kori ji. Yaron da ya ga ciwon kogi da idonsa ba zai zuba shara cikin kwata ba, kuma in an ce a dasa ice, shi ne zai fara ɗaukar hauya.