Wasiƙa ga Malaman Asibiti da Masu Kemis kan Maganin Farfaɗiya



Mai farfaɗiya ba ya zuwa wurinku sai bayan iyaye sun gama yawon neman magani, an sha hayaƙi da jiƙe-jiƙe, kuɗi ya ƙare. Sau da yawa kuma daga kanku an rufe, domin ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa sai a manyan asibitocin birni. Shi ya sa nake so mu dubi abin da bincike ya tabbatar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke fama da cutar, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace. Amma a ƙasashe matalauta, uku cikin huɗu ba sa samu.

A shekarar 2000, Patrick Kwan da Martin Brodie suka fitar da sakamakon bibiyar majinyata a birnin Gilasgo. Kashi 47 cikin 100 sun daina faɗuwa da maganin farko, kashi 13 da na biyu, daga nan sai 'yan tsiraru. A 2018 aka sake duba majinyata 1,795 na tsawon shekara 30 a can Gilasgo. Duk da sababbin magungunan da suka shigo kasuwa, adadin masu samun lafiya ya tsaya a kusan kashi 64. Sabon magani yana iya fin tsoho sauƙi a jiki, amma bai fi shi tsayar da faɗuwa ba. Don haka kada ku raina fenobabiton, wanda ake aiki da shi tun 1912. Yana sa barci, yana sa wasu yara ƙiriniya, gaskiya ne. Sai dai ƙwayar da talaka zai iya saye kowane wata ta fi masa wadda zai saya sau ɗaya ya gaza.

Inda nake ganin ana yawan yin kuskure shi ne yanke shan magani. Mutum ya yi wata uku bai faɗi ba, ya ce ya warke, ko kemis ya ce kaya sun yanke. Dakatar da fenobabiton farat ɗaya yana iya jawo jijjiga mai jere da juna, wadda ke kisa. Ku faɗa wa majinyata tun ranar farko cewa magani ne na shekaru, ba a maganar ragewa sai an yi aƙalla shekara 2 ba faɗuwa, kuma sannu a hankali, da izinin likita. Kafin azumi ma ku zauna da su a tsara sha tsakanin sahur da buɗa-baki, ko a ba da shawarar ajiye azumin ga wanda jikinsa bai daidaita ba.

Ku fara da magani ɗaya, kaɗan, ku riƙa ƙarawa. Ku tambayi wanda ya ga faɗuwar da idonsa, in da hali a ɗauko muku a waya, don kabamazefin, wato Tegretol, yana tsananta irin farfaɗiyar da yaro ke ƙura ido ya ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi. Idan matashi ne, ku tambaye shi ko yana shan taramol, shi ma yana jawo jijjiga.

Mata kuwa, a yi hattara da balfurowet, wato Epilim. Kimanin jariri 1 cikin 10 da uwa ta sha shi da ciki yana zuwa da nakasa, abin da ya sa Turai ta tsaurara dokarsa a 2018. Kabamazefin da fenobabiton kuma suna raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu. Mace ta cancanci jin wannan daga bakinku kafin ta gan shi a jikinta.

Sannan don Allah ku koya wa iyali abin yi. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa, miyau kuma ba ya sa wa kowa cutar. A janye mai faɗuwar daga wuta da bakin rijiya, a kwantar da shi ta gefe. Idan jijjiga ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.

Wassalam.