Hannu Ya Je Wa Ƙwallo, Ko Ƙwallo Ya Zo Wa Hannu?

Duk ɗalibin da ya zauna ajin nahawun Hausa ya san bambancin da ke tsakanin waɗannan jimloli biyu: "Binta ta taɓa ƙwallo da hannu" da kuma "ƙwallo ya taɓa hannun Binta". A jimlar farko Binta ce aikau, ita ta yi aikin, ita kuma za a tuhuma. A ta biyu kuwa ƙwallo ne aikau, hannun Binta karɓau ne kawai, abin zuwa ya yi ya same ta. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in nuna wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai cewa dokar ƙwallon ƙafa ta yau ta tattara jimlolin nan biyu ta yanke musu hukunci guda a cikin da'irar mai tsaron gida, watau fenariti, kuma wannan bai yi kama da adalci ba. Na zaɓi in kawo misalaina daga ƙwallon mata na ƙasa da ƙasa, domin a can ne mu 'yan Nijeriya muka ci moriyar wannan doka, saboda haka ba wanda zai ce haushin rashin nasara ne ya sa muka yi magana.

A ranar 26 ga Yuli, 2025, aka buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka ta mata a birnin Rabat, tsakanin Maroko mai masaukin baƙi da Super Falcons ta Nijeriya. Kafin a yi minti 25 Maroko ta jefa ƙwallo biyu, ta ƙafar Ghizlane Chebbak da Sanaa Mssoudy, haka kuma aka tafi hutun rabin lokaci. Bayan an dawo, Folashade Ijamilusi ta juyo da ƙwallo cikin da'ira, ya bugi hannun Nouhaila Benzina, 'yar bayan nan da mutanenmu suka sani tun 2023, lokacin da ta zama ta farko da ta buga gasar cin kofin duniya sanye da hijabi. Alƙaliyar wasa, Antsino Twanyanyukwa 'yar Namibiya, ta je ta duba majigin VAR, ta dawo ta nuna fenariti, Esther Okoronkwo ta ci a minti na 64. Ijamilusi ta farke na biyu a minti na 71. Ana saura kamar minti 11 a tashi, sai ga shi ƙwallo ya bugi hannun Oluwatosin Demehin tamu, wadda ke tsaye dab da wadda ta taɓo shi. Alƙaliya ta busa fenariti, Chebbak har ta ajiye ƙwallo, sai aka sake kiran alƙaliyar wajen majigi, ta daɗe tana kallo, sannan ta dawo ta soke hukuncinta. A minti na 88 Jennifer Echegini ta ci na uku, Nijeriya ta ɗauki kofinta na 10.

To, mai karatu ya lura. Sau biyu ƙwallo ya zo wa hannu a dare ɗaya, a gaban alƙaliya ɗaya, ɗaya ya zama laifi, ɗayan bai zama ba. Kocin Maroko, Jorge Vilda, ya yi ƙorafi bayan wasa cewa soke fenaritin ya karya wa 'yan wasansa gwiwa. Abin mamaki, shi ne dai kocin Sifen a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2023 a Sidni, inda majigi ya ba ƙungiyarsa fenariti don ƙwallo ya shafi hannun Keira Walsh ta Ingila, ko da yake Mary Earps ta kama bugun. Ni a ganina alƙaliyar Rabat ta bi doka a duka biyun, gwargwadon yadda dokar ke rubuce. Damuwata da ita dokar ce. Kada kuma mu manta, kwana huɗu kafin wannan, a Kasablanka, ƙwallon farko da muka ci Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe shi ma fenaritin hannu ne, wanda Rasheedat Ajibade ta buga. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Mu a Kano muna da haƙƙin tofa albarkacin bakinmu, domin wasan ba baƙo ba ne a garin nan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, akawuna da ma'aikatan reluwe da suka biyo shi daga Kudu suka zauna a Sabon Gari, suna kuma cikin waɗanda suka yaɗa tamaula a filayen da ke kewaye da tasha. Ƙungiyar Reluwe ta Ikko ta sha ɗaukar Kofin Gwamna a wancan zamani, a 1953 kuma Kano ta ɗauko shi ta kawo Arewa. Har yau gidajen kallon ƙwallo na Fagge da Sabon Gari su ne majalisun da ake yanke wa alƙalan wasa hukunci. Gaskiya ne ƙwallon mata ba ya cika waɗannan gidaje yadda wasannin Ingila da Sifen ke cika su, amma ko wasan maza ne ko na mata, babu hukuncin da ke ta da jijiyar wuya kamar na hannu. Yaran da ke buga ƙwallo a fegin da ke gefen layin dogo ba su da alƙali, amma suna da ƙa'idarsu. In wani ya ce an taɓa da hannu, tambayar farko ita ce, "Da gangan ka yi?" In wanda ake tuhuma ya rantse ƙwallo ne ya same shi, sau da yawa wasa ci gaba yake yi.

Waɗannan yara, ba tare da sun sani ba, tsohuwar doka suke bi. Shekaru aru-aru Doka ta 12 ta dogara ne a kan kalma ɗaya, watau ganganci. An umarci alƙali ya duba ko hannu ne ya je wa ƙwallo ko ƙwallo ne ya zo wa hannu, ya duba nisan da ke tsakanin wanda ya buga da wanda aka buga wa, an kuma gaya masa cewa inda hannu yake kaɗai bai isa ya zama laifi ba. Shi kansa fenariti an shigo da shi ne a 1891 domin maganin masu ganganci, irin ɗan bayan da zai ga ƙwallo zai shiga raga ya sa hannu ya kaɗe shi. Horo ne mai tsanani da aka tanada don laifi mai tsanani: a ajiye ƙwallo mita 11 daga raga, daga kai sai mai tsaron gida, kuma kusan uku cikin kowane huɗu na irin wannan bugu shiga suke yi. A wasan da sau da yawa ake tashi da ci ɗaya ko biyu, ba da fenariti ya kusa zama ba da wasan ɗungurungum.

A watan Maris na 2019 hukumar IFAB, mai tsara dokokin wasan, ta zauna a Abadin ta ƙasar Sukotlan ta ƙara wani sharaɗi. Daga lokacin, ko babu ganganci, laifi ne idan ɗan wasa ya ƙara wa jikinsa faɗi da hannunsa ta hanyar da ta saɓa wa yadda jiki ya saba. Sabuwar dokar ta fara aiki ranar 1 ga Yuni, 2019, gasar cin kofin duniya ta mata a Faransa kuwa ta buɗe ranar 7 ga wata. Kwana shida ke nan. A wannan gasa ce kuma aka fara amfani da VAR a kofin duniya na mata, alhali galibin 'yan wasan ba su taɓa buga wasa a ƙarƙashin idonsa ba. Watau dai a kan mata aka koyi aski. Ranar 9 ga Yuni ƙwallo ya bugi hannun Nicola Docherty ta Sukotlan, majigi ya ba Ingila fenariti. Wanda ya fi ban tausayi shi ne na ranar 25 ga Yuni a birnin Rennes, inda Holan da Japan ke kunnen doki, ɗaya da ɗaya, ana gab da tashi. Vivianne Miedema ta ɗirka ƙwallo daga kusa, ya bugi hannun kyaftin ɗin Japan, Saki Kumagai, wadda ko ƙiftawar ido ba ta samu ta janye ba. Lieke Martens ta ci fenaritin a minti na 90, Japan ta tattara kayanta. Wannan Kumagai ita ce ta buga fenaritin ƙarshe da ya ba ƙasarta kofin duniya a 2011, ga shi ta fita fili tana kuka a kan laifin da ba ta yi niyyarsa ba.

A kwatanta wannan da abin da ya faru ranar 3 ga Yuli, 2011, a birnin Bochum na Jamus. Ƙwallo ya bugi turken raga ya dawo, Bruna, 'yar bayan Ikwatoriyal Gini, ta sa hannu biyu ta rungume shi a cikin da'ira, ta ɗan taka da shi, sannan ta yar. 'Yan Ostareliya suka yi ta ɗaga hannu, alƙaliya ba ta busa ba. Wannan ita ce jimlarmu ta farko tsantsa, don irinta aka ƙirƙiri fenariti, don irinta kuma majigi ke da amfani. Amma hankali ba zai karɓi a ce horon da ya dace da Bruna shi ne ya dace da Kumagai ba.

Wace ce ma za ta fayyace mana "yadda jiki ya saba"? Wanda ya taɓa tsayawa a dandamalin tashar Kano, a zamanin da jirgin Ikko ke tashi a kan kari, ya ga fasinjan da ya makara yana sheƙa gudu, ya san ɗan Adam ba ya gudu da hannuwa a manne da haƙarƙari. Haka wanda zai yi tsalle, ko zai juya da sauri, ko ya zame zai faɗi. Yau sai ka ga 'yar baya ta tunkari mai ƙwallo ta goya hannuwanta a baya kamar ɗalibar da aka kira ofishin hedimasta, kuma wannan tsayuwa, wadda ita ce ta fi kowace saɓa wa jiki, ita doka ta fi aminta da ita. Wani abin lura ga ɗaliban harshe shi ne, kalmarmu ta "hannu" ta fi ta Turanci dacewa da dokar, domin ta ɗauko tun daga yatsu da tafi har gwiwar hannu da damtse. Sai a 2020 IFAB ta ga ya wajaba ta shata iyaka, ta ce hannu ya fara ne daga daidai ƙasan hamata, kafaɗa ba ta ciki. A 2021 ta sake gyara, ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba kowace haɗuwar hannu da ƙwallo ce laifi ba, a riƙa duba ko motsin da ɗan wasa ke yi ne ya kai hannunsa inda yake. Bisa wannan gyara ne Demehin ta kuɓuta a Rabat. Dokar da ake yi wa faci kusan kowace shekara ta nuna tun wajen yanka aka kuskure ta.

Na san hujjar masu goyon bayan dokar, kuma ba hujjar banza ba ce. Sun ce alƙali ba ya ganin zuciya, kuma in aka koma ga ganganci kaɗai, 'yan baya masu wayo za su riƙa baza hannuwa kamar masu shanya, in ƙwallo ya same su su ce tsautsayi ne. Haka ne. Amma labarin zuciya a tambayi fuska, kuma alƙalan kotunanmu sun daɗe suna rarrabe ganganci da kuskure ba tare da sun tsaga ƙirjin kowa ba, suna duba alamu ne su yanke. Ita kanta IFAB ta riga ta amince alƙalin wasa zai iya wannan rarrabewa, domin tun 2024 ta ce wanda ya hana cin ƙwallo da hannu ba da gangan ba, in an ba da fenariti, katin gargaɗi za a ba shi maimakon jan kati. In har alƙali zai iya gane rashin ganganci don ya zaɓi launin kati, me zai hana ya gane shi don ya zaɓi irin bugun da za a yi?

Shawarata ke nan. A bar fenariti ga wadda ta kai hannu da gangan, da kuma wadda hannunta ya tare ƙwallon da ya nufi raga, ko da gangan ko ba da gangan ba, tunda ta hana abokan hamayya abin da ya kusa zama nasu. Amma ƙwallon da aka kwaso daga gefe, ko aka juyo da shi cikin cunkoso ya bugi damtsen wadda ba ta neme shi ba, a ba da bugun tazara irin wanda sai wani ya taɓa kafin a ci, daga inda abin ya faru. Mai baza hannu ba ta tsira ba ke nan, domin bugun tazara a cikin da'ira ba abin wasa ba ne, amma ba a miƙa kofi ga wata ƙasa saboda ƙwallo ya yi tsalle ba. Da wannan ce dokar a daren Rabat, mai yiwuwa bugun tazara za a ba mu a minti na 64, mai yiwuwa kuma da kofin bai zo Abuja ba. Na yarda da wannan farashi.

Saura wa zai kai maganar. Ƙuri'u takwas ne a IFAB: Ingila da Sukotlan da Wales da Ireland ta Arewa kowace na da ɗaya, FIFA na da huɗu a madadin sauran duniya, kuma sai da ƙuri'a shida doka ke canzawa. Afirka ba ta da kujerar kanta, sai ta bakin FIFA. Duk da haka ƙofar ba a kulle take ba. A gasar 2019 ɗin nan, ranar 17 ga Yuni, aka sa Faransa ta maimaita fenaritin da Wendie Renard ta zubar, aka kuma ba Chiamaka Nnadozie tamu katin gargaɗi don ƙafarta ta ɗan bar layi, tana da shekara 18. Surutu ya yi yawa a kan irin wannan hukunci, kafin a fara zagaye na biyu IFAB ta dakatar da ba masu tsaron gida wannan kati a bugun raba gardama, gasa na tsakiyar tafiya. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, wadda 'yan matanta ba su taɓa fashin gasar kofin duniya ba tun ta farko a Sin a 1991, tana da bakin da za ta rubuta wa CAF da FIFA wannan buƙata, ta kuma nemi Maroko ta sa hannu a takardar tare da ita.